Yadda samun kuɗi ke shafar tallafin naƙasassu a Amurka

A Amurka, mai naƙasa da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya yakan zauna ya yi lissafi kafin ya kama aiki, domin albashi na iya rage tallafin ko ya tsayar da shi ɗungurungum. Hukumar kula da fansho da tallafin jama'a, wato SSA, ita ce ke gudanar da shirye-shirye guda biyu, kowanne da ƙa'idarsa.

Shirin SSDI

Wannan inshora ce da aka kafa a 1956 domin ma'aikacin da ya daɗe ana cire masa haraji daga albashi, sannan naƙasa ta hana shi aiki. Tunda haƙƙinsa ne, ba a duba dukiyarsa, kuma gado ko ribar hannun jari ba sa rage masa komai. Abin da ake sa wa ido shi ne aiki. A 2025, wanda ke samun fiye da Dala 1,620 a wata ana ɗaukarsa a matsayin mai iya aiki. Ga makaho iyakar ta kai Dala 2,700.

Doka ta ba shi watanni 9 na gwaji, ba dole a jere ba, inda zai karɓi cikakken tallafi komai yawan albashinsa. Daga nan sai wasu watanni 36, waɗanda a cikinsu, bayan sassaucin wata uku, ba a biyansa a duk watan da ya haura iyaka. Saboda haka ƙarin albashi kaɗan na iya jawo asarar tallafin wata guda cur.

Shirin SSI

Shi kuwa an fara biyansa a 1974 ga masu ƙaramin ƙarfi, ko da ba su taɓa aiki ba. Mafi yawan abin da tarayya ke bai wa mutum ɗaya a 2025 shi ne Dala 967 a wata. A nan kusan kowane kuɗi ana lissafa shi, amma gumin mutum na da rangwame. Idan albashi ne kaɗai, ana yafe Dala 85 na farko, sannan a cire rabin abin da ya saura daga tallafin.

Misali, mai albashin Dala 885 za a rage masa Dala 400, ya karɓi 567, jimilla 1,452 ke nan. Amma wanda ke samun fanshon Dala 420 kacal, shi ma Dala 400 za a rage masa, domin Dala 20 kaɗai ake yafewa a kuɗin da ba na aiki ba.

Akwai kuma iyakar dukiya: Dala 2,000 ga mutum ɗaya, 3,000 ga ma'aurata, ban da gidan zama da mota ɗaya. Tun 1989 ba a ƙara ta ba. Dokar ABLE ta 2014 ta kawo sauƙi, inda ta ba waɗanda suka cancanta damar ajiye har Dala 100,000 a asusu na musamman ba tare da an lissafa ba.

A shirye-shiryen biyu, wajibi ne mutum ya sanar da hukumar duk canjin da ya samu a aikinsa. Wanda ya yi jinkiri aka biya shi fiye da ƙima, rarar takan zama bashi a kansa, a riƙa cirewa daga tallafinsa na gaba.