Riƙon Kaka a Al'ada da a Gaban Alƙali

Tun zamanin da ba a san takardar kotu ba a ƙasar Hausa, yaro yakan tashi a ɗakin kakarsa ba tare da wani ya kira abin shari'a ba, domin kuwa kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ambaton sunansa ko yi masa wasa a bainar jama'a, ita kanta takan miƙa shi ga tsohuwa. Idan lokacin yaye ya yi, bayan kimanin shekara biyu, gidan kaka ake kai shi ya manta da nono, kuma sau da yawa daga nan ba ya komawa, sai ya zama ɗan riƙo, ita tana ce masa mijinta, ko kishiyarta in mace ce.

Amma idan aure ya mutu, gardama ta kai zauren alƙali, to, a nan ne littafi yake magana. Malaman mazhabar Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan har zuwa Muhtasar na Halil, sun tabbatar da haƙƙin reno, wato hadana, ga uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta rasu ko ta auri bare, sai haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, gabanin uba da danginsa, alhali ciyarwa da tufatarwa da walicci suna nan a wuyan uban. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa, inda aka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi bisa abin hawansa, kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa ta yi jayayya, Halifa Abubakar kuwa ya hukunta a bar mata shi, Umar bai ƙara cewa uffan ba. A ganina, ko da yake almajirai sun daɗe suna karanta wannan ƙissa a zaurukan Kano da Sakkwato, al'adar cewa ɗa na uba ne ta sha rinjayarta a aikace, saboda tsofaffi da yawa sun fi jin nauyin suruki a kan neman haƙƙinsu.

Shi yaron fa, wa ya tambaye shi? Shafi'awa sukan ba shi zaɓi tsakanin iyayensa idan ya kai shekarun wayo, wajen bakwai, amma Malikawa ba su yi haka ba. A 2003 kuwa, da Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin yara, wadda jihohin Arewa suka yi jinkirin karɓa, an rubuta a cikinta cewa maslahar yaro ce abin da kotu za ta fara dubawa, kuma a saurari abin da yake so gwargwadon hankalinsa.