Uban da Ake Gyarawa a Fim

Mu da muke rubuta labarin fina-finan iyali mun san abin da mai kallo ba ya cika lura da shi: yaro ake sawa a gaban kyamara, amma sau da yawa uban ake yi wa aiki. A ganina, tushen wannan al'ada yana gidan Elias Disney, mahaifin Walt Disney.

Elias mutum ne mai tsanani da saurin hannu. A 1911 ya sayi harkar rabon jaridu a birnin Kansas City na Amurka, ya ɗora wa 'ya'yansa Roy da Walt, lokacin Walt yana ɗan shekara 9. Tun kafin asuba yaron yake tashi, ya ratsa ƙanƙara yana ajiye jarida ƙofa-ƙofa, sannan ya je aji yana gyangyaɗi, ladan kuma yana hannun uba. Manyan yayyensa biyu tuni sun gudu daga gida, Roy ma daga baya ya bi sahunsu.

Da Walt ya kafa kamfaninsa, bai tsaya ramuwa ba. A Pinocchio (1940) ya ba mu Geppetto, tsoho mai taushin zuciya da ya fita neman ɗansa har dabbar teku ta haɗiye shi. Inda abin ya fi taɓa ni shi ne Mary Poppins (1964). Marubuciyar littafin, P. L. Travers, mahaifinta ma'aikacin banki ne da giya ta ci ƙarfinsa, ya rasu tana da shekara 7. Aka yi gamo: ita da nata tabon, Walt da nasa. Shi ya sa fim ɗin bai ƙare ba sai da Mista Banks, uban gidan, ya sauko, ya gyara wa yaransa abin wasansu da ya yage, ya kama hannunsu suka fita tare.

Steven Spielberg ya gaji wannan hanya. Ya daɗe yana ɗora wa mahaifinsa Arnold laifin mutuwar auren iyayensa, kuma a E.T. (1982) uban ya bar gida. Daga baya Spielberg da mahaifinsa suka shirya.

Ban yarda da masu cewa duka ne ya ƙera Walt ba. Baiwarsa tasa ce. Tsananin Elias labarin da zai yi ta maimaitawa kawai ya zaɓa masa.