Shirin Ko-ta-kwana a Ƙasar Tambuwal: Daga Baka da Kwari Zuwa Bindigar Toka

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a Tambuwal. Ya ce hankalin mutane ya tashi a ƙauyukan gefen Kebbe saboda 'yan bindiga, har wasu na shawarar a sayar da tumaki a sayi bindiga. Shi ne yake tambaya: shin kakanninmu da me suke shirin ko-ta-kwana, kuma bindiga ce ta tsare su?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Kafin a kai ga bindiga, bari mu fara da garin naku, domin shi kansa Tambuwal shirin ko-ta-kwana ne.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, ba a ajiye makamai an kwanta ba. Gobirawa na arewa, Kabawa na yamma. Sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki dabarar kafa ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da malamai da mayaƙa da manoma su tsare hanya. Shi da kansa ya zauna Wurno, can ya rasu a 1837. Ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu kuwa Tambuwal ya riƙe, yana tsare wannan kusurwa ta kudu maso yamma, kusa da Gwandu. Da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, Argungu ta zama cibiyarsu, sai garuruwan wannan yanki suka shiga zaman ɗar-ɗar na shekaru masu yawa. In an yi sulhu a sarara, in ya warware a koma.

Me mutumin ribaɗi yake ajiyewa? Na farko ganuwa da ƙofa. In rani ya yi, gayya ake yi a gyara inda damina ta zubar. Ana haƙa gwalalo a bayanta, a shinge da ƙaya. Kuma ku lura, ba gidaje kaɗai ake kewayewa ba. Ana barin fili a ciki domin dabbobi da ɗan noma, ga rijiya, ga rumbuna. Dalili kuwa a fili yake: maharan wancan zamani ba safai suke iya daɗewa a bakin gari ba. Su ma guzurinsu ƙarewa yake, dawakinsu na son ruwa da ciyawa. Garin da ke da gero da ruwa a ciki, in ya rufe ƙofa ya yi haƙuri, sau da yawa maharan ne ke gajiya su juya. Sai kuma abin shela, ganga ko kuge, wanda in manomi ya ji daga gona ya san ba wasa ba ne, ya tattara yara da shanu ya nufo ƙofa.

Makamin talaka baka da kwari ne. Ana shafa wa kibiya dafi, wanda akasari daga 'ya'yan ƙwanƙwani ake haɗa shi, ko ƙwarzane ta yi wa mutum ta isa. Ga mashi, ga takobi, ga garkuwar fata. Masu hali su ne 'yan lifidi da 'yan sulke, doki da mahayi duk an lulluɓe. Amma ku duba abin da ya faru a Tabkin Kwatto a 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade masu lifidi, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kamar ashirin ne kacal. Maharba da baka su suka ci wannan yaƙi.

Ita bindiga fa? Akwai ta, amma ba ta taka kara ta karya ba a farkon lamarin. Wani Baturen Ingila mai suna Kilafaton ya bi rundunar Muhammadu Bello zuwa Ƙonya, ƙasar Gobir, a 1826, ya rubuta abin da ya gani. A cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga arba'in ne da 'yan kai. Mai ita zai matso ya harba, ya ruga baya ya tsaya ɗuri, ya zuba albarushi, ya danna, kafin ya gama mai baka ya saki kibau da yawa. In damina ce albarushin ya sha sanyi, sai ta ƙi tashi. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa wa irinta suna harba-ka-ruga. Irin waɗannan bindigogi daga bakin teku suke hawowa ta hannun fatake, wasu kuma ta hamada daga Tarabulus, daga baya maƙeranmu suka koyi gyara da ƙera su.

A nan sai na ɗan ratse, domin akwai abin da ya fi burge ni a labarin Baturen nan. Ya ce wadda ya ga ta fi kowa amfani a wannan rana wata tsohuwa ce 'yar Zamfara, baiwar Sarkin Musulmi. Tana bisa doki, ta rataya goruna cike da ruwa, da 'yar tasar tagulla a hannu, tana shiga inda kibau ke zuba tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Ba ta da sulke, ba ta da bindiga. Ni a ganina, in ana lissafin kayan ceto na wancan zamani, goran tsohuwar nan ne na farko.

Ranar da bindiga ta nuna ainihin halinta ita ce 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya, bayan garin Sakkwato. Rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fito da dawaki da takubba da kibau, sojan Turawa kuwa suna da igwa da bindiga mai ruwa da ake kira Maxim. Kafin rana ta yi tsaka an gama. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal cewa za su hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, sai dai tsofaffin na toka. Wato tun kafin a haɗu an riga an raba makaman. Shekara uku bayan haka, a watan Fabrairu na 1906, talakawan Satiru, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ba su ci moriyarta ba. Wata na zagayowa aka dawo aka shafe garin.

Daga nan aka daina gyaran ganuwa, mutane suka bazu suka yi tungaye kusa da gonakinsu. Bindigar toka ta koma hannun mafarauta da masu gadin gona, sai kuma ranar sallah a yi ta ɗuri ana harbawa sama. Abin da ya ci gaba da kashe mutane ba mahara ba ne, yunwa ce. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1914, wasunku kuma sun ga farin 1973 da idonsu. A waɗannan shekaru magidancin da ke da damman gero na bara da na bara waccan a rumbu, shi ne ya fita da iyalinsa.

To sai batun yau, Malam, tunda kuɗin tumakinka ne. Dokar bindigogi ta Nijeriya tun ta 1959 ce. Ko bindigar toka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yana da ikon hana riƙe ta sai da lasisi. Wadda ta fi ta, irin ta farauta mai harsashi, sai da izinin Sufeto Janar. Ta yaƙi kuwa ba ta farar hula ba ce sam. Wanda aka kama da bindiga ba takarda, kurkuku ne. A 2021 gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai, domin an ga ramuwar gayya na jawo wa ƙauyuka da kasuwanni hari mai muni. A 2024 kuma gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, wadda ake ɗaukar 'ya'yan gari a horar da su su yi aiki tare da jami'an tsaro. Wannan ta fi kusa da tsarin ribaɗi, domin a can ma ba kowa ke fita yaƙi da ra'ayin kansa ba, sai da umarnin mai gari, kuma an san wa ke tsaron wace ƙofa.

Kuma ka auna da kyau. Mutanen da kuke tsoro suna zuwa ne a kan babura, da bindigogi masu sarrafa kansu. Mai harba-ka-ruga a gabansu, matsayinsa ɗaya da mai takobi a Giginya. Abin da kuge ke yi a da, yanzu wayar hannu mai caji ke yin sa, tare da lambar hakimi da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, da tocila, da sanin gidan da mata da yara za su taru in an yi shela. Takardun gona da katin shaida a ɗaure su cikin leda ɗaya, inda hannu zai kai cikin duhu.

Sauran wasiƙunku, har da ta mai tambaya kan tarihin kasuwar Jega, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.