TARIHIN GARKAR LAKWAL A ƘASAR DAMAGARAM

Zuwa ga dattawanmu na gida, da 'yan'uwanmu masu ci-rani a Kano da Legas da Agadas da sauran wurare. A taronmu da ya wuce an kawo maganar garkar lakwal ɗin garinmu, wadda ta bushe tun bara. Waɗansu suka ce a ta da ita, waɗansu kuwa suka ce ba su sa 'ya'yansu lakwal don jan guga ba. Kowa da hujjarsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwaya baya, mu ga inda abin ya samo asali.

Da farko dai, noman garka ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Tun zamanin sarakuna, irin su Sarki Tanimu da ya rasu a 1884, mutanen Mirya da Gidimuni da fadamun Korama suna ban-ruwa da rani. A wancan lokaci yaro a bayan ubansa yake koyon yin fangali da dashe, yarinya kuma a gindin murhun uwarta take sanin ganyen miya. Ba allo ba alli, amma ilimi ne.

Nasara suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar, kafin a koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Mu riƙe wannan magana ta ruwa, za mu komo gare ta. A shekarun 1930, zamanin Gwamna Janar Brévié, Faransawa suka fito da tsarin lakwal ɗin karkara, inda kowace lakwal za ta yi gona da garka. Iyaye ba su so abin ba, don zamanin aikin dole ne, wanda ba a hana ba sai 1946. An ɗauke maka yaro ba da sonka ba, ya yini yana noma, kai kuwa ba ka da ta cewa a kan abin da aka girbe. Bayan taron Barazabil na 1944 aka yi watsi da tsarin. To, ƙyamar da waɗansu dattawanmu ke yi wa garkar lakwal daga nan ta faro, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Zuwa na biyu bayan samun mulkin kai ne. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a nan Zinder, inda yara ke fara karatu da Hausa. Sa'an nan fari ya zo a 1973 da 1974, ya sake zuwa a 1984. Bayan wannan na biyun, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta ɗora jama'a a kan noman rani, salati da shu da karoti da tumatir suka cika kasuwanni. A ƙarshen shekarun 1980 aka sa aikin hannu cikin karatun firamare, ana kiransa APP, wato garka da kiwo da saƙa da ɗinki. Niyya ta yi kyau, amma a wurare da yawa ba rijiya, ba darni, ba kayan aiki, malami kuma hankalinsa yana kan jarrabawar satifika.

Zuwa na uku shi ne na hukumomin agaji da ƙungiyoyi masu zaman kansu. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara aiki da kwamitocin lakwal da ake kira COGES a jihar Tawa, daga baya aikin ya iso jihar Damagaram. Abin da ya bambanta wannan da na baya shi ne, mutanen gari ne ke zaɓen 'yan kwamiti, su ne kuma ke shawarar abin da za a yi. Hukumar abinci ta duniya, PAM, wadda ta daɗe tana ciyar da 'yan lakwal a Nijar, ta haɗa kantin da garka da garken awaki da injin niƙa a waɗansu garuruwa, don abin da yara suka shuka ya shiga tukunyarsu. Ran 1 ga Maris 2016 kuma, a Yamai aka yi bikin farko na ranar ciyar da 'yan makaranta ta Afirka.

Mu ma mun ga namu rabo. Wani furoje ya kawo mana waya da iri da butocin ban-ruwa, yara suka ci miyar zogale da tumatir ɗin da suka dasa da hannunsu. Da furoje ya tashi, rijiya ta rufta, awaki suka gama da sauran. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga abin da tarihin nan ya nuna mana. Lakwal tana buɗewa da kaka, ta rufe da faɗuwar damina. Ke nan garkar lakwal garkar rani ce, ba ta rayuwa sai da rijiya, da darni mai ƙarfi, da mai tsaro lokacin hutu. Waɗannan uku ba baƙo ne zai riƙe mana su ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Saboda haka muna roƙon abu uku. 'Yan ci-rani su haɗa kuɗin gyaran rijiya da siminti. Dattawa masu sanin garka su riƙa leƙawa sau ɗaya a mako suna nuna wa yara, tsofaffin mata kuma su koya musu sarrafa kuka da rama da aduwa da anza. Na uku, kwamiti ya riƙa karanta lissafin abin da aka ci da abin da aka sayar a gaban jama'a, kuma kada ban-ruwa ya ci lokacin karatu ko ya zama horo. In mun yi haka, duk ƙungiyar da ta zo za ta tarar da mu a kan aikinmu, ran da ta tafi kuma ba za ta tafi da garkar ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya. Haza wassalam.