Yadda Masu Taswira Suka Buɗe Hanyar Aikinsu

A da, mai binciken taswira sakamako kawai yake wallafawa, hanyar da ya bi kuwa tana kulle a kwamfutarsa. Wanda ya so maimaita aikin sai ya sha wuya, domin hotunan tauraron ɗan'adam ma na kuɗi ne. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma bayan an miƙa cinikin hotunansa ga kamfanin EOSAT a 1985, farashin hoto guda ya haura dala 4,000. Wane ɗalibi ne zai sayi hotuna ɗari don ya tantance aikin wani?

Ta fuskar manhaja aka fara samun sauƙi. Injiniyoyin sojan Amurka sun soma manhajar taswira ta GRASS a 1982, daga baya ta zama ta kowa, Gary Sherman kuma ya fara manhajar QGIS a 2002.

Amma babban sauyin ya zo ne a 2008, lokacin da hukumar USGS ta Amurka ta mayar da rumbun hotunan Landsat kyauta. A 2013 Matthew Hansen na Jami'ar Maryland da abokan aikinsa suka sarrafa hotuna sama da 650,000 a dandalin Google Earth Engine, suka fitar da taswirar dazuzzukan duniya daga 2000 zuwa 2012, suka kuma saki bayanan ga jama'a. Ba a jima ba wasu masana suka duba, suka ce an ƙirga gonakin kwakwar manja a matsayin daji. Su Hansen suka amsa cewa inuwar bishiyoyi suka auna, ko na daji ko na gona.