Ƙwallon Ƙafar Amurka

Ƙwallon ƙafar Amurka wasa ne da ya samo asali daga rugbi, aka fara buga shi tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton a 1869. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce, galibi da hannu ake jefa ta ko a ruga da ita. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ta ƙarshen fili, wato tacdawun, maki 6 ne, harba ta tsakanin sanduna maki 3. Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya yi fice a gasar NFL mai ƙungiyoyi 32.