Rebozo: Mayafin da Aiki Ya Ba Shi Daraja

Masana tarihin sutura sun daɗe suna jayayya a kan asalin rebozo, dogon mayafin nan mai geza da matan Meziko ke yafawa. Wasu na danganta shi da saƙar 'yan asalin ƙasar, wasu da lulluɓin matan Sifaniya a coci, wasu kuma da yadudduka da jiragen ruwan Manila suka riƙa saukewa a tashar Akafulko ta Meziko daga 1565 zuwa 1815. Kowa da hujjarsa. Sai dai a ganina, darajar mayafin nan daga aikin da yake yi ta samo tushe.

Da shi uwa ke goyo, da shi take ɗauko kayan kasuwa, ta kuma naɗe shi ya zama gammo. Ungozoma kan shimfiɗa shi a ƙarƙashin ƙugun mai ciki, ta riƙe bakinsa biyu tana jijjigawa a hankali don jiki ya saki, bayan haihuwa kuma ta ɗaure ƙugun mai jego da shi. A wasu garuruwa har lulluɓe mamaciya ake yi da nata. A juyin juya halin da ya ɓarke a Meziko a 1910, matan da suka bi mayaƙa sun ɗauki jarirai da abinci, har da harsasai, a cikinsa. Mai zanen nan Frida Kahlo ta fito da shi idon duniya, amma matan karkara ne suka riƙe shi tun kafin ta.

Saƙar kanta abin lura ce. A garin Tenancingo, inda auduga ta fi rinjaye, da garin Santa María del Río mai siliki, ba a rina ƙyalle bayan saƙa. Zaren ake ɗaurewa gaɓa-gaɓa, a tsoma a rini, a kwance ƙullin, sannan a jera shi a masaƙa yadda fari zai dace da fari. Zare ɗaya ya goce, zanen ya ɓaci. Bayan an gama saƙa sai mata su karɓa, su ƙulla gezar da yatsu, aikin da kan ci makonni.

Matan nan masu ƙulli ne suka fi damuna. Ana baje rebozo a gidajen tarihi a matsayin alamar ƙasa, amma ba kasafai ake ambaton su ba, ladansu kuma bai kai wahalarsu ba. Ga na inji mai araha ya cika kasuwa, 'ya'yansu da yawa kuwa sun gwammace wata sana'ar.